Waya a Hannu, Ƙunci a Zuci: Shin Intanet Ce Ke Jawo Ciwon Damuwa?

  

Ya ɗan'uwa mai karatu, akwai maganganu biyu da suka yawaita a bakunan jama'a duk lokacin da aka ambaci matasa da wayar salula. Wasu su ce ai wayar nan ita ta lalata tunanin 'ya'yanmu. Duk yaron da aka ga ya yi zuru, ya daina walwala, ya ƙaurace wa mutane, to intanet ce, a ƙwace wayar kowa ya huta. Wasu kuma su ce wannan duk tsoron dattawa ne, haka aka yi wa rediyo da talabijin, haka aka yi wa littattafan soyayya da finafinai, kuma ga shi duniya ba ta tashi ba. A ganina kowane ɓangare ya yi gaggawar yanke hukunci, kuma gaggawar kowannensu akwai wanda take cutarwa. Na farko yakan hukunta marar lafiya a madadin ya nema masa magani. Na biyu kuwa yakan bar mai lafiya har ciwo ya kama shi.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu gyara fahimtarmu game da kalma. Idan aka ce matsalar ƙwaƙwalwa, abin da ke fara zuwa a ran Bahaushe shi ne mahaukaci tuburan, mai yawo a bola da tsummokara. Abin da likitoci ke nufi ya fi haka faɗi nesa ba kusa ba. Akwai ciwon damuwa, wato mutum ya yi mako biyu ko fiye da haka cikin baƙin ciki kusan kullum, ko ya daina jin daɗin duk abin da a da yake faranta masa rai, barcinsa da cin abincinsa su rikice, kasala ta rufe shi, ya riƙa ganin kansa ba shi da wani amfani, wani lokaci har ya fara tunanin gara mutuwa. Akwai kuma ciwon fargaba, inda zuciya ke zama cikin ɗar-ɗar da faɗuwar gaba ba tare da wani dalili da ya kai haka ba. Masu irin waɗannan larurori suna cikin sahunmu a masallaci, suna saye da sayarwa a kasuwa, suna zaune a gabanmu cikin aji da allo ko littafi a hannu. Su nake nufi a wannan rubutu.

Abin da masana suka gano, da inda suka saɓa

Maganar jarabar intanet da wasa ta faro. A 1995 wani likitan ƙwaƙwalwa a birnin Niyok, Ivan Goldberg, ya ƙirƙiro sunan ciwon a matsayin barkwanci ga abokan aikinsa, sai ga mutane suna aiko masa da saƙo cewa ai su wannan ciwo ne da su. A 1996 wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Kimberly Young, ta gabatar da bincike a kan lamarin da gaske, daga baya ta tsara tambayoyi 20 da ake auna mutum da su. A 1998 masu bincike a Jami'ar Carnegie Mellon suka bibiyi mutum 169 a gidaje 73 waɗanda suka fara amfani da intanet, suka ga waɗanda suka fi yawan amfani da ita kaɗaici da damuwarsu sun ɗan ƙaru. Amma da suka sake komawa ga mutanen, sai suka bayar da rahoto a 2002 cewa mafi yawan wannan illa ta gushe. Ka ga ke nan tun daga farko batun bai zo a miƙe ba.

Har yau haka yake. A 2023 babban likitan gwamnatin Amurka na lokacin, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi a kan kafafen sada zumunta, inda ya kafa hujja da binciken da ya nuna cewa yara 'yan shekara 12 zuwa 15 masu shafe sama da awa 3 a rana a kansu, haɗarin samun alamun damuwa da fargaba ya ninka a gare su. A ɗaya ɓangaren kuma, masana biyu daga Jami'ar Oxford, Amy Orben da Andrew Przybylski, sun nazarci bayanan matasa sama da 350,000 a 2019, suka ce cikin abubuwan da ke sa wani matashi ya fi wani walwala, rabon na'urorin zamani bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Har suka kwatanta ƙarfin alaƙar da ta yawan cin dankalin turawa.

To wa za mu bi? Wanda ya ɗan leƙa Usulul Fiƙihi ba zai yi mamakin wannan saɓani ba. Malamai sun sha wahala ƙwarai wajen tantance illar hukunci, wato ainihin sifar da aka rataya hukuncin a kanta, domin ba kowace sifa da aka gani tare da abu ce sababinsa ba. Idan an ga yaro mai damuwa yana yawan riƙe waya, abu uku na iya yiwuwa: ko wayar ce ta jawo damuwar, ko damuwar ce ta tura shi ga wayar, ko kuma wani abu na uku, kamar rikicin gida ko zaman kashe wando, shi ya haifar da duka biyun. Ƙidaya kaɗai ba ta raba wannan gardama.

Abin da ya fi ƙidaya ƙarfi shi ne gwaji. A 2018, a Jami'ar Pennsylvania, an raba ɗalibai 143 gida biyu. Aka bar wasu yadda suka saba, aka taƙaita wa wasu Facebook da Instagram da Snapchat zuwa minti 10 kowanne a rana. Bayan mako uku waɗanda aka taƙaita wa suka sami raguwar kaɗaici da damuwa, kuma waɗanda dama damuwarsu ta fi tsanani su suka fi amfana. A wani gwajin na wannan shekara a Amurka an biya mutane kuɗi su rufe Facebook na mako huɗu. Suka sami rarar kusan awa guda a kullum, walwalarsu ta ɗan ƙaru, ko da yake sanin labaran duniyarsu ya ragu.

Abin da na fahimta daga waɗannan duka shi ne illar tabbas akwai ta, sai dai ba daidai take sauka a kan kowa ba. Sukari a shayi ba ya kayar da jama'ar gari, kuma idan ka yi lissafin gari gaba ɗaya za ka ce ai cutarwarsa kaɗan ce. Amma je ka faɗa wa mai ciwon suga haka. Saboda haka tambayar "awa nawa yake yi a kan waya?" ba ta wadatar ba. Tambayar da ta fi ita ce: me wayar ta ƙwace masa, me kuma take zuba masa a zuciya?

Daren da aka sayar mana da arha

Abu na farko da take ƙwacewa, kuma a wurina shi ne mafi girma a ƙasarmu, shi ne barci. A nan muna da wata musiba ta musamman. Tun bayan shigowar wayar salula Nijeriya a 2001, ba a jima ba kamfanoni suka fito da garaɓasar kiran dare kyauta, samari da 'yan mata suka riƙa kwana zaune. Da zamanin data ya zo sai aka maimaita salon: data mafi arha ita ce ta dare, wadda ba ta aiki sai dare ya tsala, ta ƙare da asuba. Su kamfanoni lissafinsu na kasuwa ne, layukansu ba cunkoso a wannan lokaci. Amma ma'anar wannan a gidajenmu ita ce ɗan talaka, wanda ba ya iya sayen data ta rana, shi ake kira ya biya da barcinsa.

Mu yi lissafi mai sauƙi. Yaron da ya ajiye waya ƙarfe 2 na dare, aka tashe shi sallar Asuba wajen biyar da rabi, barcin awa uku da rabi ya samu. Daga nan sai makarantar boko, sai Islamiyya da yamma. Likitocin barci kuwa sun ce mai shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar awa 8 zuwa 10, baligi kuma aƙalla 7. Mu da ke koyarwa da La'asar mun san fuskar irin wannan yaro: idanu jajaye, gyangyaɗi a kan hadda, ayar da ya riƙe jiya yau ta zube, saurin fushi a kan abin da bai kai ya kawo ba. Sau da yawa a kira shi malalaci ko marar tarbiyya, alhali jikinsa ne ke bin sa bashi.

Yadda abin ke faruwa ba ɓoyayye ba ne. Idan duhu ya shiga, ƙwaƙwalwa na sakin wani sinadari da ake kira melatonin, mai sanar da jiki cewa lokacin hutu ya yi, haske a ido kuwa yana jinkirta fitowarsa. Amma abin da ya fi hasken ɓarna shi ne abin da ake kallo: musu, da dariya, da jiran amsar saƙo, da labarin tashin hankali, duk suna riƙe zuciya a farke ko bayan an rufe ido. Rashin barci kuwa ba gajiya kaɗai yake haifarwa ba. Wani nazari da ya tattara bincike 21 a 2011 ya nuna cewa masu fama da rashin barci, waɗanda ba su da ciwon damuwa tun farko, haɗarin kamuwarsu da shi ya kai ninki biyu na masu barci lafiya. Ga hanya nan a fili daga allon waya zuwa ɗakin likita, ba sai an yi dogon musu ba.

Addininmu ya riga ya killace wannan lokaci. Alƙur'ani, a Suratun Naba'i da wasu wurare, ya lissafa barci da dare cikin ni'imomin da Allah Ya yi mana domin hutawa. Kuma ya tabbata a Bukhari da Muslim, daga Abu Barza (RA), cewa Manzon Allah (SAW) ya kasance yana ƙin barci kafin Isha'i da hira bayanta, ko da yake malamai sun keɓe abin da ke da maslaha, kamar neman ilimi da kula da baƙo da zama da iyali. Hirar da ake magana a kai a wancan zamani tana da iyaka: fitila za ta ƙare, abokin hira zai yi hamma ya tafi gida. Hirar yau ba ta da mai tashi. Kuma mu tuna da nasihar da Salmanul Farisi ya yi wa Abud Darda'i (RA) lokacin da ya hana kansa barci saboda ƙiyamul laili, ya nuna masa cewa ransa ma yana da haƙƙi a kansa, Annabi (SAW) kuma ya gaskata Salmanu. Idan nafila ba ta halatta wa mutum zaluntar jikinsa ba, ina ga bidiyon barkwanci?

Wasu ƙasashe sun gwada tsare dare da doka. Koriya ta Kudu a 2011 ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 wasannin intanet daga 12 na dare zuwa 6 na safe, amma ta soke dokar a 2021, bayan yara sun koyi shiga da shaidar iyayensu, wasannin kuma sun koma kan wayar hannu. Sin a 2021 ta taƙaita wa yara wasannin zuwa awa guda a ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Ostireliya ta yi dokar hana 'yan ƙasa da 16 mallakar shafi a manyan kafafen sada zumunta, ta fara aiki a Disamban 2025. Darasin Koriya ya isa ya nuna mana cewa hukuma ba ta shiga ɗakin kwana.

Abu na biyu shi ne kallon rayuwar wasu. A da budurwa tana auna kanta da 'yan matan unguwarsu, waɗanda ta san cikinsu da bayansu. Ta san wadda ta yi ado yau jiya ta ga ta tana wanke-wanke. Yau tana kwance a kan tabarma tana kallon bikin 'ya'yan masu kuɗi na Abuja da Dubai, kamu da dina da jeren akwatunan lefe, fuskoki da manhaja ta goge ta haskaka. Saurayin da ya gama digiri shekara uku ba aiki yana kallon sa'o'insa a jikin motoci, bai san ko ta aro ce ba. Kowa mafi kyawun sa'arsa yake ɗorawa, mai kallo kuwa da mafi munin sa'arsa yake aunawa. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fitar da takardun cikin gida na kamfanin, a ciki har da binciken da ya nuna kashi 32 cikin 100 na 'yan matan da aka tambaya sun ce idan suna jin ƙyamar surar jikinsu, Instagram ƙara musu yake yi. Wasu masana tattalin arziki kuma, a 2022, sun bi diddigin yadda Facebook ya riƙa shiga jami'o'in Amurka ɗaya bayan ɗaya tsakanin 2004 da 2006, suka ga alamun damuwa sun ƙaru a inda ya shiga, suka kuma danganta hakan da auna kai da wasu.

Ibnul Ƙayyim a cikin Madarijus Salikin ya lissafa abubuwa biyar masu ɓata zuciya: yawan cuɗanya da mutane, da dogon buri na banza, da rataya zuciya ga wanin Allah, da yawan ci, da yawan barci. Dubi biyun farko, ka dubi abin da ke hannunka. Cuɗanya ce da dubban mutane a lokaci guda, ba hutu, kuma kowanne yana hura maka wutar buri. Hadisin Abu Huraira (RA) a Sahihu Muslim ya yi mana umarni, a sha'anin duniya, mu riƙa duban wanda ke ƙasa da mu maimakon wanda ke sama, don kada mu raina ni'imar Allah a kanmu. Manhajojin nan kuwa kai ka ce an gina su ne domin saɓa wa wannan umarni, saboda wanda ke ƙasa da kai ba ya tara masu kallo.

Na uku, wanda ban cika jin ana ambata ba, shi ne hotunan tashin hankali. Shekarun nan da muke fama da 'yan bindiga da masu garkuwa da mutane, bidiyon gawarwaki da na waɗanda ake azabtarwa a daji suna yawo a WhatsApp, daga rukunin dangi zuwa na tsofaffin ɗalibai, a rubuta a ƙasa wai a taya da addu'a. Mai turawa yana ganin alheri yake yi. Amma bayan harin bam na gasar gudu a birnin Boston a 2013, masu bincike sun gano cewa waɗanda suka riƙa bin labarin a kafafen watsa labarai awa 6 ko fiye a rana sun nuna alamun firgici fiye da waɗanda abin ya faru a gabansu ko kusa da su. Kuma a 2020 Facebook ya amince ya biya dala miliyan 52 ga ma'aikatan da aikinsu shi ne tace irin waɗannan hotuna, saboda larurar ƙwaƙwalwa da aikin ya jawo musu. Abin da ya raunata baligin da aka horar kuma ake biyansa, shi muke turawa kyauta cikin rukunin da ke da yara da masu juna biyu da masu hawan jini. Ga keta alfarmar mamaci, ga sabunta wa iyalansa ciwo. Addu'a ba ta buƙatar hoto.

Kada kuma a ɗauka duk laifin raunin himmar mai waya ne. Sean Parker, shugaban Facebook na farko, ya faɗa a bainar jama'a a 2017 cewa tun asali manufarsu ita ce yadda za su cinye lokaci da hankalin mutum gwargwadon iko, kuma sun san wani rauni ne na ɗabi'ar ɗan Adam suke amfani da shi. Aza Raskin, wanda ake danganta wa ƙirƙiro shafin da ba ya ƙarewa komai jan da ka yi masa, a 2006, daga baya ya nuna nadamarsa. Sirrin shi ne irin na caca: ba ka san me jan gaba zai kawo ba, wataƙila banza, wataƙila abin dariya, sai ka sake ja. Ita kanta cacar ƙwallo da ta koma cikin waya, da bashin da take jefa samari a ciki, magana ce mai zaman kanta.

Sai bango ya tsage

Yanzu mu juyo da fuskar maganar, domin a nan ne iyaye da malamai suka fi yin kuskure. Sau da yawa ciwon ne ke riga wayar zuwa. Yarinyar da ake tsangwama a gida, matar da miji ya yi wa ko-in-kula, saurayin da ya rasa mahaifi, wanda ya faɗi jarrabawa sau uku: kowannensu yana neman inda zai ɓuya daga tunaninsa, waya kuwa ita ce mafakar da ta fi kusa. Tana ba shi sauƙi na awa guda, ta karɓe barcinsa da zumuncinsa, gobe ya tashi ya fi jiya nauyi, ya sake komawa gare ta. Mafi muni, manhajar tana lura da abin da ya tsaya kallo, ta ƙaro masa irinsa; mai baƙin ciki sai ta yi ta jero masa baƙin ciki. A Landan wata yarinya 'yar shekara 14 ta rasu a 2017 ta hanyar cutar da kanta. Binciken kotu a 2022 ya bayyana cewa a watanni shida na ƙarshen rayuwarta ta ci karo da abubuwa sama da 2,000 masu alaƙa da damuwa da cutar da kai a Instagram kaɗai, mai binciken kuma ya yanke cewa ciwon damuwa da illar abin da ta gani a intanet su suka haɗu a kanta.

Uban da ya ga irin wannan hali ya fizge waya ya yi faɗa ya juya, ya bar jaki ne yana dukan taiki. Ya rufe mafakar, bai tambayi abin da ake gudu ba. Malamin da ya ce wa irin wannan yaro ai ƙarancin imani ne ke damunka, da kana karatun Alƙur'ani da ba ka shiga damuwa ba, ya ɗora masa kaya a kan kaya, domin yanzu bayan ciwo ga kuma zargin kai. Wannan magana ba ta da tushe. Annabi Yaƙub (AS) ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har ganinsa ya tafi, kuma Annabi ne. Shekarar da Nana Khadija (RA) da Abu Ɗalib suka rasu, malaman tarihi Shekarar Baƙin Ciki suke kiranta. Nana A'isha (RA) takan sa a dama wa waɗanda aka yi wa rasuwa talbina, wani kunu na sha'ir, saboda ta ji daga Annabi (SAW) cewa yana sanyaya zuciyar marar lafiya ya rage baƙin ciki; wato an yarda abin da ke shiga jiki yana taɓa zuciya.

Magabatanmu ba su ji kunyar wannan fanni ba. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya rubuta Masalihul Abdani wal Anfus, inda ya yi bayanin fushi da tsoro da baƙin ciki da waswasi a matsayin larurori masu magani. Ya raba baƙin ciki gida biyu: wanda aka san sababinsa, kamar rashi ko asara, wanda ake magance shi da nasiha da gyaran tunani, da wanda ke sauko wa mutum ba sababi bayyananne, wanda ya danganta shi da jiki, ya ce yana buƙatar kulawa ta ɓangaren jiki. Marigayi Farfesa Malik Badri na Sudan ya fassara sashen littafin da ya shafi rai zuwa Turanci. Fiye da shekara dubu ke nan malami Musulmi ya bambance abin da yau wasunmu ke cakuɗawa su kira shi aljanu ko sammu baki ɗaya. Ruƙya ta shari'a gaskiya ce, zikiri kuma abincin zuciya ne, babu mai musu. Amma wanda ya koyar da mu su shi ne kuma ya umarce mu da neman magani, kamar yadda ya zo a hadisin Usama bin Sharik (RA). Ba mu taɓa ce wa mai ciwon suga ya bar allura ya riƙe azkar kaɗai ba.

A nan sai na ɗan yi wa 'yan'uwana almajirai da malamai tuni. Wani kaso na abin da ke hana matasanmu barci da sunan addini yake zuwa: raddi a kan raddi, yankakken bidiyon wane yana caccakar wane, gardamar da magabata suka rufe tun ƙarni na uku a sake buɗe ta ƙarfe ɗaya na dare. Yaro ya kwanta zuciyarsa cike da gaba da Musulmi ɗan'uwansa, ya makara Asuba, yana zaton jihadi ya yi. Intanet ta kawo mana alheri mai yawa, ba na musun wannan. Littafin da a da sai an yi tafiya ake gani yau yana aljihu, uwa tana ganin fuskar ɗanta da ke karatu a Madina ko Alƙahira. Amma alherin abu ba ya hana a tambayi lokacinsa da gwargwadonsa.

To da me za a gane an ƙetare iyaka? Har yanzu manyan kundayen likitanci ba su sanya jarabar intanet gaba ɗayanta a matsayin ciwo mai zaman kansa ba. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2019, ya fara aiki a 2022, shi ne larurar wasannin kwamfuta da waya, kuma ma'aunin da ta kafa yana da amfani ga sauran. Ba ta ƙidaya awa ba. Ta duba abu uku: mutum ya kasa mallakar kansa wajen farawa da dainawa, abin ya rinjayi sauran al'amuran rayuwarsa, ya kuma ci gaba duk da yana ganin cutarwar, har ta taɓa karatunsa ko aikinsa ko iyalinsa, galibi na tsawon wata 12. Mai sayar da atamfa ta WhatsApp da ke wuni a kan waya tana neman halalinta ba ta shiga nan ba. Wanda awa biyu kacal yake yi, amma awa biyun su ne tsakanin ɗaya da uku na dare, kuma yana tashi daga kai yana ƙin kansa, shi ne abin dubawa.

Abin da nake ba iyayen ɗalibaina shawara bai da yawa. Wayoyin gida su sami wurin kwana da ba ɗakin barci ba, a haɗa su a caji a falo bayan Isha'i, kuma ta maigida ta fara zuwa, domin yaro ba ya jin wa'azin uban da ke yi masa faɗa ido na kan allo. A daina saya wa yara data ta dare komai arharta. A fita daga duk rukunin da ake tura gawa, ko a yi wa mai turawa magana cikin ladabi. Kuma abin da aka cire a maye gurbinsa: ci tare a faranti ɗaya, aike, ƙwallon yamma, ziyarar kaka, sana'ar hannu. Idan ka karɓe waya ka bar yaro da bango huɗu, ka mayar da shi ga abin da ya gudo daga gare shi.

Idan kuwa an gyara barci, an rage kallo, amma mako biyu, uku, ƙuncin bai ɗaga ba; ko yaro ya daina cin abinci, ya daina wanka, ya daina zuwa makaranta; ko ya fara furta cewa ya gaji da rayuwa, ko da cikin wasa ne, to lokacin nasiha kaɗai ya wuce. Wannan furuci na ƙarshe ba a jira da shi gobe, ba a kuma barin mai yin sa shi kaɗai. A zauna da shi a tambaye shi kai tsaye cikin tausasawa, domin tambayar ba ta cusa tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. Sannan a nufi asibiti. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200, gaskiya ne, kuma sai a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Duk da haka akwai inda za a dosa: asibitocin ƙwaƙwalwa na Kaduna da Kware da Maiduguri da Dawanau, da sassan masu wannan larura a asibitocin koyarwa, kuma likitan babban asibiti mafi kusa yana iya fara dubawa ya tura gaba. Mafi yawan masu zuwa ba a kwantar da su. Magana ce da ƙwararre, wani lokaci da ƙwayar magani, su koma gida ranar. Wanda zai raka yaron ya kasance mutumin da yake sakin jiki da shi, ko da ba mahaifinsa ba ne, kuma abin da aka ji a ɗakin likita ya tsaya a can, kada ya zama labarin tsakar gida.